Zafinsa, Sanyinta

Ranar da Umma ta ɗaura jan ƙyalle a hannun bokiti, Amarya ta ɗauka ado ne. Har ta yi murmushi ta ce, "Umma, bokitin ma an yi masa ɗankwali?"

Uwar mijin nata ba ta yi dariya ba. "Naki ne daga yau. Da butar can, da kofin nan, da tawul ɗin da ke bayan ƙofa. Duk abin da kika ga ja a jikinsa naki ne. Wanda babu ja, ki raba hannunki da shi."

Amarya suna ne da ya maƙale mata tun shigowarta gidan, ko da yake yanzu cikinta ke riga ta shiga ɗaki, don ya kai wata bakwai. Su uku ne a hawa na biyu na wani tsohon bene: ita, da Umma, da mijinta, wanda Umma ke kira Auta, unguwa kuwa kaf ke kira Mai Sanyi, saboda gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa. Mutum ne mai taushin murya da dogon gashin ido, irin wanda zai tsaya a tsakiyar titi don ya turo saƙon "na tuna da ke". Tun suna neman aure yake kiranta Sanyin Idona, ita kuma da ta tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, ta yi imani cewa nata littafin ne aka buɗe.

Abin ya faro mata da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Kwana kaɗan sai wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso mata a gaba, suka fashe, suka zama gyambo. Fitsari ya koma mata tamkar an zuba barkono a yanka. Sai ta cusa gefen zani a baki kafin ta tsuguna, don kada a ji kukanta a falo. Ta gaya wa mijinta cikin raɗa. Shi kuwa bakinsa ba ya riƙe magana idan uwarsa na kusa.

Umma ba ta buƙaci dubawa ba. "Sanyi ne," in ji ta. "Ciwon mata ƙazamai. A banɗaki ake kwasarsa. Ni na haifi 'ya'yana duka, ban taɓa sanin kalarsa ba."

Shi ma Mai Sanyi yana da nasa ɗan ciwon da kowa ya sani a gidan, amma nasa sunansa zafi. Lokaci zuwa lokaci, musamman idan aiki ya yi masa yawa, sai ya dawo yana tafiya a buɗe kamar wanda ya sauko daga kan doki, ya ce, "Umma, zafin nan ya taso." Nan da nan gida ya rikice. A fito da wando mai faɗi, a juyo fanka ta fuskance shi, a jiƙa masa ruwa da ƙanƙara, a hana shi fita. Sai ya kwashe matashinsa ya koma kujerar falo na 'yan kwanaki, wai don kada juye-juyensa ya hana Amarya barci. A lokacin har hawaye take yi saboda wannan kulawa. Wane miji ne zai bar gadonsa don barcin matarsa?

Nata ciwon bai samu fanka ba. Abin da ya samu shi ne buroshi da ruwan wanke banɗaki mai ƙaurin da ke hawa kai. Safe da yamma tana durƙushe da ƙaton ciki tana dirzar tayil, Umma na tsaye a bakin ƙofa tana nuna mata lungu da yatsan ƙafa. Fatar hannunta ta fara saɓulewa. Daga nan a cika roba da ruwan zafi da gishiri a ce ta zauna a ciki.

"Umma, wallahi yana ƙona ni."

"Alamar yana aiki ke nan. Zauna."

Da yayar mijinta ta zo gaisuwa, a tsaye ta yi hirarta tun daga sallama har ban kwana, jaka a maƙale a hammata, tana duban kujeru kamar za su cije ta. Maƙwabciyar da ke ƙasa ta daina aron igiyar shanya. Amarya ta gane cewa labarin bokitinta ya sauka bene tun kafin ita ta iya sauka.

Mijin kuma yana nan da soyayyarsa. Ya kawo mata alewa, ya kawo furen roba guda ɗaya, ya ce, "Ki yi haƙuri da Umma, tsufa ne." Daga falo yake turo mata saƙo zuwa ɗaki: Sanyin Idona, yaya jikin? Ta daɗe tana duban wayar, sannan ta rubuta masa: Injiniya, ka canza min suna. Sanyin ya ishe ni a jiki.

Ya turo hoton fuska mai dariya. Ita ba ta yi dariyar ba.

Ranar awon ciki ta saka hannayenta cikin mayafi ta tafi asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba masu ciki, wadda kowa ke kira Sista, mace ce gajera mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta ja labule, ta duba. Sai ta ɗauko tsinke mai auduga ta goga a kan gyambon, ta jefa a kwalba.

"Wannan za a kai ɗakin gwaji. Gara da kika zo yana ɗanye, don idan ya bushe gwajin ba ya kamawa sosai. Amma ƙanwata, idona ya riga ya ba ni amsa. Ya taɓa fito miki a da?"

"Bai taɓa ba. Umma ta ce a banɗaki na kwaso."

"Banɗaki dai ya shiga uku a duniyar nan, komai shi," in ji Sista. "Wannan ƙwayar cuta ce, sunanta hafis."

"Hafis? Sai ka ce sunan yaro."

"Yaro ne mai naci kuwa, idan ya shiga jiki ba ya fita. Amma akwai maganin da ke kwantar da shi, mutane da yawa suna rayuwarsu da shi lafiya lau. Ba ya bin bokiti, ba ya bin kofi, ba ya bin kujera. Fata da fata yake bi, wurin kwanciyar aure. Maigidanki yana samun ƙuraje irin waɗannan?"

"A'a. Shi zafi ne ke damunsa."

Sista ta dube ta ta saman tabarau. "A ina zafin yake fito masa?"

Sai komai ya dawo wa Amarya a rai. Ta ga wandon nan mai faɗi, ta ga matashi yana tafiya falo, ta ga kanta tana share hawayen godiya.

"Amma an gwada mu kafin aure," ta ce da ƙaramar murya.

"Gwajin da aka saba yi ba ya neman wannan, sai an nema takanas. Kuma kada ki yanke masa hukunci tukuna. Yana iya kwanciya a jikin mutum shekaru bai sani ba, yana kuma iya ba wani ko da babu ƙurji ko ɗaya a fili." Sista ta jawo kujera kusa. "Abin da ya dame ni shi ne wanda ke cikin nan. Idan mace ta kamu da shi karon farko a ƙarshen ciki, jikinta bai gama haɗa garkuwar da zai ba jariri ba. Jariri na iya ɗauka wurin fitowa, kuma ga jariri ba abin wasa ba ne. Don haka ga magani ki fara yau. Haihuwa a nan za ki yi, ba a gida ba, wataƙila ma likita ya ce tiyata za a yi. Ki kawo min maigidan, ina son jin tarihin zafin nan."

Daga asibiti ba ta nufi gida ba. Ta bi layin masu gyara har shagonsa, tana maimaita wa zuciyarta abu ɗaya: bai sani ba, Sista ma ta ce yana iya yiwuwa bai sani ba. Shagon cike yake da matattun firiji, ƙofofinsu a wangale kamar masu hamma. Yana tsugune a bayan ɗaya, da wutar walda a hannu, yana liƙe siririn bututun tagulla. Da ya gan ta ya kashe wutar, fuskarsa ta washe.

"Sanyin Idona da kanta! Yau shagona ya yi baƙuwa."

"Injiniya, daga asibiti nake. Sista ta ce sunan abin nan hafis."

Ta jira ya ce mene ne shi. Da ya faɗi haka, da ta yafe wa duniya duka a wurin.

"Ai ba ya kisa," in ji shi.

Wani firiji a lungu ya tashi da gurnani, ya sake mutuwa. Amarya ta nemi gefen wani ta jingina.

"Wa ya gaya maka ba ya kisa?"

Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa, alhali babu abin da ya rage a hannun. "Wani likita ne. Da daɗewa. Kafin ma in san ki."

"Ka sani ke nan."

"Na sani, amma ai ina kiyayewa! Ba ki ga duk lokacin da ya taso falo nake komawa ba?"

"Yana bi ko babu ƙurji. Likitan bai faɗa maka wannan ba?"

"Ya yi maganganu da yawa, ni kuma ranar kaina ya ɗau zafi." Ya matso, idanun nan masu dogon gashi sun cika da ruwa. "Na so in gaya miki. Sau nawa ina shiryawa, sai ki yi dariya, sai in ce ba yau ba. Tsoro na ji kada ki fasa. Son da nake yi miki ne ya rufe min baki."

Amarya ta fito da hannayenta daga mayafi ta nuna masa tafukan da suka saɓule. "Wannan ma son ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba zan yi maka ihu a gaban firijin mutane ba," ta ce. "Abu biyu nake so. Ka gaya wa Umma gaskiya, ka bi ni asibiti. Ba don ni ba. Don wanda ke harbina yanzu haka."

"Zan gaya mata. Ki bari in samu lokacin da ranta ke sanyi."

"Kai ne mai sanyin ai. Ka haɗa mata."

Tare suka koma gida. Umma ta ga ledar magani, ta miƙa hannu ta karɓe. "Mai ciki da haɗiyar ƙwaya? So kike ki narkar min da jika? Kuma batun haihuwa a asibiti ki cire shi a ranki. Su ba su san komai ba sai yanka. A ɗakin nan za ki haihu, ni zan karɓa." Ta jefa ledar a akwatinta ta murɗa makulli.

Amarya ta dubi mijinta. Shi kuwa ya gano wani abu mai ban sha'awa a jikin silin.

Gobe, ya ce mata. Goben ta zo, Umma na ciwon kai. Wata goben, baƙi. Wata kuma, ya fara, har ya ce "Umma, dama," sai ya ƙarasa da cewa injin firijin gidan yana son gas. Gyambon ya bushe, wani sabo ya feso a gefensa. Amarya ta daina karanta saƙonninsa. Idan ta kwanta sai ta ɗora hannu a ciki tana ba jaririn haƙuri, ba ta ma san laifin wa take nema wa gafara ba.

Ranar da Sista ta bugo waya ta ce gwaji ya tabbatar, ta kuma tambayi yadda maganin ke tafiya, ranar ce zafin Auta ya sake tasowa. Da rana tsaka yana kwance a kujerar falo cikin wandonsa mai faɗi, fanka na kaɗa masa riga. Umma ta shiga kicin jiƙo ruwan ƙanƙara. Amarya ta tsaya a kansa.

"An tabbatar. Hafis ne. Tun kafin aurenmu yana nan, ka sani, ka rufe. Yanzu ya kai ga cikin nan, har yanzu kana cewa gobe?"

Kofi ya faɗi a bakin ƙofa, ƙanƙara ta watse a ƙasa.

"Waye Hafis?" in ji Umma.

Ta tsallake ƙanƙarar, ta shigo tsakiyar falo.

"Na ce waye Hafis? Ɗan gidan uban waye? Tun kafin aure? Har da ciki?" Ta dafe ƙirji ta yi salati. "Auta, ashe ka sani kake rufa mata asiri? Wayyo ni, na ce wannan sanyin ba na banza ba ne! Ke, tattara kayanki. Ki tafi can wurin Hafis ɗin, shi ya karɓi haihuwar."

Da a wani lokaci ne, da Amarya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ko a yanzu ma sai da dariyar ta taso, ta haɗu da kuka a hanya, suka tsaya cak. Ta dubi mijinta. Yana kallon fanka, kansa na bin ta hagu da dama.

"Umma," ta ce a hankali, "ba baƙo ba ne. A gidan nan yake tun kafin in zo. Ke kike jiƙa masa ruwan ƙanƙara."

Ta juya ta shiga ɗaki, ta jawo jaka daga saman kabad. Ba barazana take yi ba. Ta riga ta lissafa cewa gidan iyayenta ya fi kusa da asibiti. Tana ninke 'yan rigunan jariri sai ta ji muryarsa daga falo, siririya kamar ta mai neman aron gishiri.

"Umma, ba mutum ba ne. Ciwo ne. Shi ne zafin nan nawa."

"Zafi daban, sanyi daban."

"Ɗaya ne, Umma. Nawa ne. Ni na sa mata. Na sani tun ban aure ta ba." Muryar ta ɗan yi kauri. "Ba ta kwaso komai a banɗaki ba. Idan ba ta sha maganin nan ba, idan ta haihu a gida, yaron zai iya cutuwa. Ki ba ni makullin."

Amarya ta tsaya da 'yar hula a hannu, tana jiran abin da uwar mijinta za ta ce. Ta ji an zauna a kujera da ƙarfi. Ta ji an ja hanci.

"Allah sarki ɗana," in ji Umma. "Ashe haka kake ta fama kai kaɗai, ba ka faɗa ba."

Shi ke nan abin da aka samu. Cuta ɗaya ce ta kama mutum biyu a gado ɗaya, amma a gidan nan suna biyu gare ta: ta ɗa sunanta zafi, ana yi mata fifita, ta suruka sunanta sanyi, ana ba ta buroshi. Da gaskiya ta fito ma, tausayin hanyar da ya saba bi ya bi. Babu wanda ya dubi tafin hannun Amarya. Umma dai ta buɗe akwati ta ajiye ledar magani a kan tebur ba tare da ta dubi kowa ba, washegari kuma aka wayi gari babu jan ƙyalle a bokiti, babu a buta, babu a kofi, kamar iska ce ta ɗaura su, iska ta kwance. Da rana Amarya ta ga ɗaya a hannun Umma tana goge fanka da shi.

Ranar awo ta zagayo. Mai Sanyi ya ɗauki jakar matarsa ya bi ta a baya, yana tafiyar nan tasa a buɗe. A kan matakala ya gwada sa'arsa.

"Sanyin Ido..."

"Sunan nan yana hutu," in ji ta. "Idan na sauka lafiya, na ga yarona lafiya, ma duba ko zai koma aiki."

Ɗakin jira cike yake da mata masu ciki, benci bayan benci, shi kaɗai ne namiji. Ya takure a ƙarshen benci da jakar mata a cinya, yana addu'ar kada kowa ya san shi. Sista ta leƙo ta labule, ta sauke tabarau, ta ce, "Ƙanwata, kin kawo min mai tarihin?"

Kafin Amarya ta amsa, wata mata mai ƙaton ciki a bencin gaba ta waiwayo. Ya taɓa gyara mata firiji. Ta tafa hannu, muryarta ta cika ɗakin.

"A'a! Wa nake gani? Ba kai ne Mai Sanyi ba?"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofar fita, wadda ba ta da nisa ko kaɗan. Sannan ya dubi matarsa, da hannayenta da suka fara sabuwar fata. Ya miƙe tsaye, jakar a rungume.

"Ni ne," ya ce.